A Buɗe Na Bar Ƙofar

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Mun fito. Da sassafe na ɗaura ɗakin tafi-da-gidanka a bayan mota, na sa Beryl a gaba, muka ba teku baya. Makullin gida na ƙarƙashin tukunyar fure, Donna ta san wurin.

Littafin nan na Beryl ne. Shekara goma sha tara muna yawo da ɗakin nan, wanda ta sa wa suna Akwati, kuma ita ke rubuta inda muka yada zango da abin da muka ci. Yanzu in na ba ta biro sai ta jujjuya shi ta miƙo mini. To ni zan rubuta. Aji huɗu na yi na bi masu askin tumaki, duk wanda ya kasa karanta rubutuna ya ajiye.

Donna 'yarmu ce, ita kaɗai gare mu. Ta samo wa uwarta ɗaki a gidan kula da tsofaffi, ranar ashirin ga wata za a kai ta. Wai har da labule mai fure. Na ce mata wata shida ke nan matar nan maganarta ɗaya ce: "Clarrie, kai ni gida." Donna ta ce, "Baba, ai a gida take, ciwon ne ke magana." Ni na san gidan da take nufi. Yana Burrangil, kilomita dubu da ɗari biyu daga nan, kuma akwai mutum a bakin ƙofarsa.

Talata, 4 ga Maris, biyar na yamma

Narrawin. Titi ɗaya, mashaya biyu, gunkin soja a tsakiya. Mun sauka a filin baje kolin dabbobi, bayan rumfar tumaki. Ina ribas da Akwati sai maza uku suka jawo kujeru suka zauna kallo, kowa da gwangwanin giya a hannu. Wani mai jan hanci ya ce, "Tsoho, a hankali, famfon nan shi kaɗai ne a garin!" Na ce masa ina jan tirela tun uwarsa na share masa majina. Sau ɗaya na shigar da shi. To, sau biyu.

Da Beryl ce ke tsayawa a baya tana ɗaga mini hannu. Yau tana cikin mota tana ninke taswira tana warwarewa.

Ta ci rabin burodi da ƙwai. Ta ce kai ni gida sau huɗu.

Laraba, 5 ga Maris, tsakar rana

Na kashe waya. Tana cikin gwangwanin ganyen shayi.

Alhamis, 6 ga Maris, bakwai na safe

Tunda ni ke riƙe da biro, bari in rubuta yadda aka yi, ko takarda ta ji ta bakina.

Mutumin da ke bakin ƙofa Merv Tully ne, yayan Beryl. Shekarar babban fari ina yi masa aiki a gonar ubansu. Muna zaune a ƙaramin gida a kusurwar makiyayar yamma, ni da Beryl da Donna tana shekara biyu. Tunkiya ɗari huɗu ne a makiyayar, ruwansu kuma yana tafki ɗaya a ƙetaren shinge. Ƙofar da ke tsakani a buɗe take kullum don su je su sha. Duk ɗan da aka haifa a daji ya sani, ƙofar gona yadda ka same ta haka kake barinta. In a rufe take ka rufe. In a buɗe take kada ka yi wa mai ita gwaninta, ya san dalilinsa.

Ranar Juma'a da safe na bi ta ƙofar da mota na duba tafkin, na dawo. Da rana gaba ɗayanmu muka tafi gari bikin auren 'yar kawunsu, kwana uku. Ranar Litinin muka tarar da ƙofar a rufe, an maƙala sarƙa. Tumakin suna jibge matattu a jikin shinge, wata kan wata, ga ruwa nan taku talatin suna kallonsa. Kwana biyu muna ƙonawa.

Merv ya ce ni ne na ƙarshe da ya bi ta nan. Gaskiya ne. Amma a buɗe na same ta, a buɗe na bar ta. A mashaya, a gaban kowa, ya ce, "Ba za ka sake taka gonar nan ba sai ka faɗa da bakinka." Gari ya sa mini suna Rufe-Ƙofa. Babu mai ba ni ko askin tunkiya ɗaya. Muka tattara muka gangara bakin teku, na ƙare a loda buhuna, ni da nake aske ɗari da tamanin a yini.

Beryl ta bi ni, wannan ba zan ci mata shi ba. Ko da uwarta ta mutu, coci da maƙabarta kawai ta je, ba ta shiga gonar ba. Amma shekara arba'in da biyu, ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ta ce, Clarrie, ba kai ba ne. In na ta da maganar sai ta miƙe ta ɗora ruwan shayi. Wannan ya fi na Merv ciwo.

Juma'a, 7 ga Maris, uku na yamma

Kilomita casa'in kawai muka yi. Zafi. Mushen kangaru bakwai a gefen titi, ta ƙirga su daidai.

Asabar, 8 ga Maris, shida na yamma

Na yi mata tsawa yau.

Na yanke ta wata hanyar ƙasa da ke ratsa gonar wani. Ƙofa ta farko a rufe, na sauka na buɗe, na wuce, na rufe. Ta biyu a buɗe. Na wuce na ɗan tsaya in duba taya, ina ɗagowa sai ga Beryl ta sauka, tana jan ƙofar da ƙarfinta duka, har ta maƙala sarƙa.

Na ce, "Ke tsohuwa, me kike yi? 'Yar manomi ce ke ko 'yar birni? A buɗe muka same ta!"

Ta ce, "Yarinyar za ta tafi ruwa."

"Wace yarinya? Babu kowa a nan sai shanu!"

Ta tsaya tana kallon hannuwanta. Na buɗe ƙofar na tokare ta da dutse yadda na same ta. Har muka iso Coonabin ba ta ce kai ni gida ba. Ban san zan yi kewar maganar ba.

Na soya mata haƙarƙarin rago. Ta ci ɗaya.

Litinin, 10 ga Maris, tara na safe

Har yanzu muna Coonabin. Akwai inuwa, akwai ruwan wanka. Babu mai korarmu.

Matar da ke zangon kusa da namu ta tambayi ina muka dosa. Na ce Burrangil. Mijinta ya ce, "Ai da ka matsa, jibi ka isa." Na ce masa ba tsere na fito ba. Mutum ya sayi ɗaki mai na'urar sanyi da faifan kama tashoshin talabijin jiya jiya, yau yana koya mini hanya.

A buɗe na same ta. In ya ga dama ya mutu da maganarsa.

Talata, 11 ga Maris, huɗu na yamma

A gidan mai wani ɗan sanda ya zagaya bayan Akwati, ya karanta sunayenmu da Beryl ta rubuta da fenti tuntuni, ya dawo ya leƙo taga.

"Kai ne Clarrie Pascoe? 'Yarka ta ɗaga wa rabin jiha hankali."

Na ce, "Laifi ne mutum ya kai matarsa yawo?"

Ya leƙa wajen Beryl. "Mama, lafiya kike?"

Ta ce, "Gida zai kai ni."

Ya ce ba zai motsa ba sai na kira Donna. Na zazzage gwangwanin shayi.

Donna ta yi kuka, sannan ta yi faɗa, sannan ta tambayi magungunan. Na ce fari da safe, shuɗi da yamma, ban tsallake ko ɗaya ba. Ta ce, "Baba, Kawu Merv ba zai bar ka ka shiga ba, kai ma ka sani. Me za ka je yi?" Na ce mata batir ya kusa ƙarewa.

Ta ce ranar sha tara za ta zo ta same mu duk inda muke. Irin taurin kan nan ban san inda ta samo shi ba.

Laraba, 12 ga Maris, tsakar rana

Titi miƙe kamar igiya. Duk mai jan ɗaki da muka haɗu da shi ya ɗaga yatsa daga kan sitiyari, na ɗaga masa. Beryl takan ɗaga bayan sun wuce.

Alhamis, 13 ga Maris, biyar da rabi na yamma

Mulgadine.

Minti goma na yi a kantin nama. Goma. Na fito babu ta a mota, ƙofa a buɗe, takalminta ɗaya a ƙasa.

Na bi titi ina kira. Mai nama ya fito da ƙyallensa a wuya, mai gidan waya ta rufe shago, mutum shida muka bazu. Ban san ƙafafun nan za su iya gudu ba. Kusan awa guda.

A wurin ninƙayar garin aka same ta. Ta riƙe ƙofar ƙarfen da hannu biyu ta hana kowa shiga, mata da tawul a kafaɗa sun tsaya suna lallashinta. Ƙafarta ɗaya duk jini. Da ta gan ni ta saki ajiyar zuciya, ta yi mini magana da wata murya da rabon da in ji ta tun muna da ƙuruciya.

Ta ce, "Clarrie, Donna ta bi sawun tumaki har tafki. A cikin taɓo na tsamo ta, har ƙirji. Na rufe. Kafin mu tafi biki zan buɗe, ka tuna mini."

Na ce, "To."

Ta ce, "Kada ka gaya wa Yaya Merv."

Mai nama ya ce, "Me take cewa?" Na ce babu komai, ciwon ne ke magana.

Na wanke mata ƙafa, na ɗaure. Naman na bar shi a kantin.

Juma'a, 14 ga Maris, shida na safe

Ba abin rubutawa.

Juma'a, sha ɗaya na safe

Na ɗora ruwan shayi sau uku. Yanzu na san abin da ke sa mutum ya ɗora ruwan shayi.

Juma'a, huɗu na yamma

Shekara arba'in da biyu ina loda buhu. Na zauna a matakalar Akwati ina kallonta tana ninke tawul ɗaya, ina neman fushin, ina jiransa ya zo. Ta ɗago ta ce, "Malam, ka ga mijina? Wani dogo ne, mai yawan mita."

Na ce yanzu zai dawo.

Asabar, 15 ga Maris, biyar na yamma

Burrangil.

Rumbunan alkama na nan, daga nesa su muka fara gani. Makarantarmu ta zama wurin ajiye ciyawa. Banki ya koma shagon tsofaffin kaya. Gidan da aka haife ni babu shi, sai bututun hayaƙi tsaye shi kaɗai da bishiyar lemun tsami da ta ƙi mutuwa. Na zaci garin zai yi mini girma. Da taku ɗari uku na gama shi.

Na shiga mashayar da Beryl in samo mata lemo mai sanyi. Kujerun ma ba a canza ba. Wata tsohuwa a bayan kantar sayar da giya ta sauke tabarau ta ƙare mini kallo.

"Kai! Ba Rufe-Ƙofa ba ne?"

Maxine Doyle ce, ajinmu ɗaya. Na ce, "Maxine, na ɗauka kin daɗe a ƙasa."

Ta ce, "Ina jiran ka riga ni, in zo in rufe maka ƙofa." Ta yi dariya har da tari. Sannan ta ga Beryl tana shafa katakon kantar tana kallon silin, dariyar ta tsaya. Ta zagayo ta kama hannunta. Beryl ta ce mata sannu, kamar baƙuwa.

Maxine ta ce Merv shi kaɗai ne a gidan yanzu, matarsa ta rasu, ya ba maƙwabci hayar makiyaya, kunne ɗaya ya mutu. Na ce ban tambaye ki ba. Ta ce, "Ban ce ka tambaya ba."

Lahadi, 16 ga Maris, goma na safe

Na kai har kwanar da ake hango injin iskar da ke jawo ruwa a gonar Merv. Na juyo. Taya ta baya kamar tana sassauci.

Lahadi, biyu na rana

Tayar lafiyarta ƙalau.

Sau tara yau. Kai ni gida. Saura kwana uku Donna ta zo.

Litinin, 17 ga Maris, shida na yamma

Ƙofar gaba a rufe take da kwaɗo. Na yi hon. Can sai ga babur mai ƙafa huɗu yana tahowa kamar kunkuru, kare na biye. Maxine ta riga ta buga wa Merv waya, na sani. Ya tsufa ƙwarai. Wuyansa kamar na talotalo. Na ji daɗin ganin haka.

Ya tsaya ta ciki, mu ta waje. Bai dube ni ba. Ya ce, "Beryl."

Ta matso jikina ta ce, "Clarrie, wane ne wannan tsohon?"

Na ga abin ya shige shi. Ya cire hula, ya mayar. Ya ce, "Ita ta shigo, gidan ubanta ne. Kai ka jira a nan."

Ya buɗe kwaɗon, ya ɗan ja ƙofar daidai mutum ɗaya. Na ce, "Shiga, tsohuwa, ga gida can." Ta damƙe hannun rigata. Na ɓamɓare yatsunta, ta sake damƙewa. Ko banɗaki matar nan ba ta shiga sai ta ji tarina a waje, ina za ta bi wani baƙon tsoho?

Na ce, "Merv, ba za ta shiga ba sai da ni."

Ya ce, "To ka san abin da na ce. Ban canza ba."

Sai idonta ya faɗa kan sarƙar ƙofar. Ta kai hannu ta shafa ta, fuskarta ta canza irin ta ranar Alhamis. Ta ɗago ta dube shi sosai, ta ce, "Yaya Merv, tumakin nan, ai Donna ce ta..."

Na ce, "Ni ne na rufe."

Ya karkato kunnen mai rai. "Me ka ce?"

Allah ya sani ko bai ji ba ne ko so yake ya ƙara ji. Na ɗaga murya har kare ya yi haushi. "Na ce ni na rufe ƙofar! Ni, Clarrie Pascoe! Na rufe na manta! Ka ji ko in rubuta maka?"

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Shekara arba'in da biyu. Jaki kawai. Da ka faɗa tun ranar, da mari ɗaya zan yi maka mu wuce wurin."

Na ce, "Da ka gwada."

Ya wangale ƙofar. Ya ce in kula da ginshiƙi, ya san tuƙina.

Talata, 18 ga Maris, takwas na safe

Ta shiga ta ƙofar baya, ba ta gaba ba. Ta tsallake matakala ta biyu, wadda ke da ruɓaɓɓen katako tun zamanin ubansu. A kicin ta miƙa hannu sama ba ta ko duba ba, ta sauko da kofuna uku. Ta ce wa Merv ya cire takalmi, Mama ta goge ƙasa. Ya cire.

Ta ci ƙwai biyu da burodi biyu.

Talata, biyar na yamma

Ko sau ɗaya ba ta faɗa ba yau. Na yi ta jira.

Merv ya riga ya buga wa Maxine. Zuwa yanzu duk Burrangil ta ji Rufe-Ƙofa ya amsa laifinsa. Ya kawo mini giya a baranda yana wani yi mini kirki, irin kirkin wanda ya ci nasara. Na sha. Ɗumi gare ta.

Laraba, 19 ga Maris, huɗu na yamma

Donna ta iso, ƙura har gira. Ta shigo da faɗanta a baki, sai ta tarar da uwarta a kicin tana fere dankali tana waƙa. Ta tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu. Beryl ta ce, "Kin wanke ƙafafun nan?" Donna ta ce, "Na wanke, Mama."

Daga baya ta same ni a bayan Akwati. Ta ce, "Kawu ya ce ka amsa. Baba, tun ina ƙarama kake rantsuwa a buɗe ka bar ta. Da gaske kai ne?"

Na dube ta. Shekara arba'in da huɗu, furfura ta fara fito mata a gefen kunne, tsaye a kan ƙafafunta.

Na ce, "Tumaki ne kawai, Donna."

Ta ce ba amsa ba ce wannan. Na ce ita ke gare ni.

Alhamis, 20 ga Maris, tara na safe

Yau ce ranar. Donna ta buga wa gidan tsofaffin waya, sun ce za su riƙe ɗakin mako biyu. Bayan nan ita za ta tuƙa mu. Na ba ta makullin mota da kaina, kada wani ya ce ƙwacewa aka yi.

Littafin nan zan sa shi a murhun Merv kafin mu tafi. Donna ta iya karanta rubutuna.

Ɗazu muna baranda ni da Beryl, ana hango makiyayar yamma. Ƙaramin gidan ya rushe, tafkin na nan, ƙofar ma na nan, a buɗe. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗora hannu a gwiwata, ta ce, "Clarrie."

Na ce, "Na'am."

"Ba kai ba ne."

Na ce, "Na sani, tsohuwa. Sha shayinki kafin ya huce."